Bindigar Farko a Karkarar Kano



A Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin bindigogin soja, irin waɗanda gwamnatoci suka gama cin moriyarsu suka yi gwanjonsu. Yawancinsu ba maharba ba ne, ba kuma masu gadi ba. Wani ma'aikacin banki ne, wani direban babbar mota, wani malamin makaranta da ya ajiye aiki. In suka haɗu, hirar da ba ta gundurarsu ita ce ta bindigar farko: a wane kanti aka saye ta, nawa aka biya, da yadda aka kwana ana kankare daskararren giris ɗin da aka adana ta a ciki tun bayan yaƙi. Da yawansu za su ce maka Mosin-Nagant ce, bindigar Rasha da aka soma ƙerawa a 1891, wadda bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ta cika kantunan Amurka har ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Dattawan cikinsu kuwa sun riski zamanin da mutum zai ga talla a mujalla, ya aika kuɗi ta gidan waya, bindiga ta iske shi har gida. Ta wannan hanya aka sayi Carcano, tsohuwar bindigar sojan Italiya, a kan kimanin dala 20, wadda hukumomin ƙasar suka ce da ita aka harbe Shugaba Kennedy a Nuwamban 1963. Sai a 1968 aka yi dokar da ta toshe wannan kafa.

To, a ɗauko wannan hira a kawo ta ƙasar Bichi, ko Ɗambatta, ko Kunchi, ko Dawakin Tofa, a zauna a gindin darbejiya bayan la'asar, a tambayi dattawa ranar da suka sayi bindigar soja ta farko. Kallon da za a yi wa mai tambayar ya ishe shi amsa. Wani ma zai kaɗe rigarsa ya tashi, don ya ɗauka ɗan leƙen asiri aka turo.

Suna da hujja. Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe da ita ake aiki a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko shi ne na haramtattu, kuma a nan ta sa bindigogin soja, har ta ambaci awon harsashinsu, irin su 7.62 da .303. Babu mai riƙe irin waɗannan sai da lasin shugaban ƙasa. Gida na biyu shi ne na bindigogin farauta irin mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku kuwa bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda izininta ke wajen kwamishinan 'yan sandan jiha. Ke nan abin da Ba'amurke ke rataye a falo yana nuna wa baƙi, shi ne abin da in aka gani a ɗakin manomin Makoɗa, sai dai 'yan'uwa su bi shi da tuwo gidan yari.

Amma wannan ba ya nufin karkarar Kano ba ta da labarin bindigar farko. Tana da shi, kuma a ganin mai wannan sharhi ya fi na Turawa armashi, domin su a kanti suka saya, mu kuwa a gaban mutum ake ƙera masa tasa. Bindigar toka ke nan, wadda wasu ke kira adaka, wasu harba-ka-ruga.

Yaro ba ya fara da ita. Da farko ɗan rakiya ne a farautar rani, yana riƙe da karnuka, yana saɓe da gora, ana kaɗa gangi yana bin ƙura. Farautar taro daban, harbi daban: mafarauci da kare da sanda yake aiki cikin jama'a, maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji, da kwari da baka ko da bindiga, sau da yawa cikin dare. Wanda ya nuna natsuwa, ba ya firgita, bakinsa kuma na iya riƙe magana, shi ne ubangidansa a sana'ar zai ce ya isa. Daga nan sai batun kuɗi. A zamanin dalar gyaɗa, lokacin kaka ne saurayi ke ganin kuɗi a dunƙule, kuma abubuwa uku ne ke jan hankalinsa: keke, aure, bindiga. Wanda ya zaɓi ta ukun, in kuɗin gyaɗa bai kai ba, sai ya ja ɗan akuya zuwa kasuwar Ɗambatta ran Lahadi ya cika.

Ba kowane maƙeri ke yin bindiga ba. Mai garma da fartanya da lauje yana nan a kowace unguwa, amma mai bindiga sai an tambaya, kuma ba a zuwa masa kai tsaye. Babba ne zai shige gaba, a yi sallama a bakin maƙera, a gaisa, a yi barka da aiki, sannan ya nuna saurayin ya ce, “Ga ɗanka nan na kawo maka.” Shi kuma maƙerin yakan dubi yaron tun daga sama har ƙasa kafin ya tanka, don in abin ya ɓaci wata rana, har shi za a nema. Bututun da aka fi yabo shi ne na sitiyarin tsohuwar mota, saboda kaurinsa. Wanda aka yi wa da bututun famfo kuwa, sai dai a ce Allah ya tsare. Ƙotar itace ce, a sassaƙe ta, a goge, a ɗaure da ƙarfe, daga baya mai ita ya kai wa baduku ya naɗe ta da jar fata, ya rataya layu.

Ranar gwaji ita ce ranar da ba a mantawa. Ba a saɓa sabuwar bindiga a kafaɗa a harba. Akan fita bayan gari a ɗaure ta a jikin bishiya, a cika ta da albarushi fiye da yadda za a riƙa ɗura mata, a ɗaura doguwar igiya a kunama, kowa ya laɓe, sannan a fizga. In ƙara ta tashi, kurciyoyi suka watse, hayaƙi ya lafa aka tarar da bututu lafiya, sai maƙeri ya yi murmushi, a biya cikon kuɗi. In ta tsage, an yi asarar ƙarfe amma an tsira da yatsu. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya san ba kowa ne ya yi wannan sa'ar ba: akwai mai yatsu uku, akwai mai tabon ƙuna a kunci, kuma kowannensu ya san ranar da dalilin, ko an zarce a ɗuri, ko tsatsa ta ci bututun ba a lura ba.

Aiki da ita ma sai mai haƙuri. A zuba albarushi daga ƙaho ko 'yar batta, a tura tsumma, a daddage da tsinken ƙarfe, a zuba gutsattsarin ƙarfe ko boris ɗin keke, a sake toshewa. Harbi ɗaya ne. In an kuskure, kafin a sake ɗuri naman ya kai wani gari. Da damina kuma albarushi ya sha sanyi, a ja kunama ta yi ƙyas ta yi shiru.

Me ya sa talakan ƙasar Hausa ya tsaya a kan wannan, alhali duniya ta wuce wurin fiye da shekara 150? Ba rashin basira ba ne. Shiri ne aka yi. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani, aka bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce don a kashe cinikin bayi ne, amma a daidai lokacin suke rabon nahiyar, kuma ba wanda zai so ya sayar wa mutum makamin da zai tare shi da shi gobe. Dokar 1959 jikanyar wannan tsari ce.

Kafin nan ma bindiga a Kano ba kayan kowa ba ce. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna an shigo da bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara kafa rundunar masu bindiga da ke tsaron sarki. A ƙarni na 19 bayin sarki ne ke riƙe da su, ba hakimai ba, balle talakawa, kuma dalilin a fili yake. Mutanen arewacin Kano sun ɗanɗani zafin bindiga tun kafin Bature ya iso. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken Sahara, har igwa ake zuba masa a Zinder, kuma a ƙarshen ƙarnin, zamanin Sarki Alu, mayaƙan Damagaram suka yi ta kutsowa ta wannan shiyya, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Gonakin da ake noma gero da gyaɗa a yau, wasunsu fagen fama ne a jiya. Sai ga 3 ga Fabrairun 1903, Kanar Morland ya iso da igwa da bindiga mai jigida, Kano ta faɗi a yini guda.

Talakan karkara bai riƙe bindigar soja da hannunsa ba sai da ya sa kaki. A yaƙin duniya na biyu an bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka ɗebi samari, wasu da son ransu, wasu kuwa sunansu kawai aka miƙa. Aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka haye teku da su zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Boma, inda suka kara da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Wanda ya wuce barikin Dalet a Kaduna ko barikin Chindit a Zariya, sunayen wancan yaƙin yake karantawa. Bindigar da suka riƙe ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10, wadda aka ƙera sama da miliyan 16, kuma tana cikin waɗanda masu tarawa a Amurka da Kanada ke ji da su a yau.

Waɗannan mazan jiya su ne masu labarin bindigar soja ta farko a ƙauyukanmu, sai dai ba saya suka yi ba, ba su kuma dawo da ita ba. An karɓe ta ranar sallama. Suka iso gida da lambobin yabo, da takarda, da 'yan kuɗi, da tsohon kwat ɗin soja da ake sawa da hunturu har ya yage. Wasu suka koma gona, wasu suka zama masinjoji da masu gadi da 'yan doka. Wanda ya tashi a gidan da ke da irin wannan tsoho ya san yadda yakan ɗauki sandarsa ya nuna wa jikoki yadda ake saɓawa, da yadda ake ja da turawa tsakanin harbi da harbi, hannunsa na yi da kansa ko da ido ya daina gani. Yanzu kusan duk sun kwanta dama, kuma kaɗan ne ƙwarai aka naɗi muryarsu. Ita kuwa bindigar ta daɗe a hannun 'yan sandan Nijeriya, ita ce Mak Fo ɗin da a da ake gani a shingen hanya da ƙofar banki, doguwa, mai nauyi, itacenta ya yi baƙi don shan hannu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sauya lissafi. Sojan da bai fi dubu 10 ba ya kumbura ya kai wajen dubu 250, makamai suka yi yawa, wasu suka zurare, fashi da makami ya zama ruwan dare har gwamnatin Gowon ta yi dokar harbe 'yan fashi a 1970. Tun daga nan, a idon hukuma da na jama'a, bindigar soja a hannun farar hula ba ta da wata fassara sai ta'asa.

Ga kuma inda labarin Ba'amurke da namu suka haɗu, ko da yake ba a cika faɗa ba. Rumbunan makaman da aka buɗe a gabashin Turai bayan 1991 su ne suka ba shi Mosin-Nagant ta dala 100. Rumbunan nan dai su ne suka tura AK-47 zuwa yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo ta hannun dillalai irin su Viktor Bout. Tsohuwar da ta gama aiki aka kai inda ake da doka da kuɗi, mai sauran ƙarfi kuma aka kawo inda iyaka ba ta da ƙyaure. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 sai wani rumbun ya sake fashewa, kaya suka gangaro ta hamada. A Maris na 2021 har fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 a daji. Ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke bakin iyakar Katsina, waɗanda a da sai dai su ji labari a rediyo, yanzu sun san ƙararta. Ɗan sintirin da ke fita da bindigar toka mai harbi ɗaya ya tari mai harsashi 30, jarumtarsa ba abin musu ba ce, amma lissafin bai fita ba, kuma duk mai zuga shi ya san haka.

Shi kansa maharbin arewacin Kano ya daɗe da rasa dajinsa. Nan ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba saura, ba kurmi, sai gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya tsaitsaye a tsakiyar shuka. Abin da ya rage na harbi bai wuce zomo da gafiya da kurege da fakara da hasbiya ba, sai agwagwar ruwa a bakin madatsun Watari da Tomas. Barewa da gada sai a kirari. Saboda haka mai son nama na gaske sai ya yi nisa, da can zuwa Falgore ko dazukan Bauchi, yanzu har kudancin ƙasar nan. Tafiyar kuwa ta zama kasada. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare motar wasu mafarauta 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo suna dawowa gida hutun Sallah, aka ga bindigogin toka a kayansu, aka kashe mutum 16, yawancinsu daga ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya. Amma kowane maharbi daga Gezawa har Bagwai ya fahimci saƙon: kayan sana'ar da ya gada, a wani wurin shi ne shaidar da za a yanke masa hukunci da ita a bakin titi.

Wuri ɗaya ya rage da tsohuwar bindiga ke fita da rana tsaka ana tafa mata, shi ne hawan Sallah. A hawan Daushe, ko ranar da sarki ya nufi Fanisau, masu bindigar fada kan jeru su saki albarushi, ƙasa ta girgiza, dawaki su zabura, hayaƙi ya turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. Waɗannan bayin Allah, in ana neman masu adana tsofaffin bindigogi a ƙasar Kano, su ne, don sun san wadda aka gada da wadda aka sabunta, sun san hannun maƙerin da ya yi kowacce.

Ban da su, adanawa ta yi ƙaranci. Gidan Makama na da kayan yaƙin da, da ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, Umuahia na da gidan tarihin yaƙin basasa, amma bindigar maharbin ƙauye ba ta da mai nema. A Nepal, wani tsohon gidan sarauta a Katmandu ya riƙe bindigogi sama da dubu 50 shekara da shekaru ƙura na binne su, har a 2003 wani kamfanin Amurka ya saye su kaf ya kwashe, yanzu suna warwatse a gidajen masu tarawa, 'yan ƙasar kuwa sai dai hoto. Mu namu ba ma saye ake yi ba. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa za su iya bin sarakunan baka da na maƙera gunduma gunduma, da na'urar naɗar magana da izinin 'yan sanda, su karɓi wadda magada ba sa so, a toshe bakinta, a rubuta sunan garin da maƙerin da shekarar. Aikin bai fi ƙarfin kasafin kowa ba.

Domin abin da ke faruwa yanzu shi ne, in tsohon maharbi ya rasu aka zo rabon gado, gona ana so, awaki ana so, bindiga kuwa kowa ya ɗauke kai. Babban ɗa yana neman abinci a birni, ƙaramin yana makaranta, ba mai son 'yan sanda su zo bincike su same ta a ɗakinsa. Masu tsoron Allah da hukuma su kai wa dagaci ya miƙa gaba. Wasu su jefa ta tsohuwar rijiya. Wasu kuma su cire ƙotar su sa a murhu, bututun su ajiye wa mai gwangwan, ya ɗora a sikeli tare da tsohuwar garma da bakin fartanya ya biya kuɗin kilo.